Toshe kafar iska da ɓera a ɗaki

Toshe kafar iska da ɓera aiki ne da masu gida a ƙasar Hausa suke yi, galibi daga ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, domin hana sanyi da ƙura da ɓeraye shiga ɗakin kwana da wurin ajiyar hatsi. Ana haɗa abubuwan biyu a aiki guda saboda hanyarsu ɗaya ce. Duk tsagar da ta isa ta shigo da iskar da mai barci zai ji a jikinsa da asuba, yawanci ta isa ta shigo da ƙaramin ɓera. Wannan maƙala ta ɗauki misalanta daga arewacin jihar Zamfara, wato Badarawa da ke ƙaramar hukumar Shinkafi da ƙananan hukumomin Zurmi da Ƙauran Namoda, inda ake samun ginin ƙasa da na bulo, da rufin jinka da soro da kwano, a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Aikin ba ya nufin a rufe ɗaki ruf. Kafofin da suke ƙasa ana toshe su da abu mai tauri, na sama kuma ana sa musu ragar ƙarfe yadda iska za ta ci gaba da fita. Ɗakin da aka liƙe ko'ina, sannan aka shiga da garwashi, ya fi ɗakin da ɓera ke yawo a cikinsa haɗari.

Kalmomi

Kafa a nan tana nufin huda ko tsaga ko 'yar ƙofar da wani abu zai bi ya wuce. A Hausar yamma, wadda ake ji a Zamfara da Sakkwato, ɓera shi ne kusu, kyanwa kuma mussa. Rumbun ƙasa da ake kira rufewa a Kano, a nan ruhewa ake cewa.

Iskar yankin

Arewacin Zamfara yana samun ruwan sama ne daga wajajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu take tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta ci gaba har zuwa Fabrairu ko Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa. A wannan lokaci danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma a wasu dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15.

Wannan sauyi shi ne yake buɗe kafofin. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu kuma ya bushe ya tsuke, shi ya sa ƙyauren da sai an danna shi da kafaɗa yake rufuwa a watan Agusta, a watan Janairu ana hango haske ta gefensa. Yaɓen ƙasa ma haka, ruwa ya zaizaye shi, rana da iska su tsattsaga abin da ya saura. Hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas ya fi tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka bangon gabas shi ne yake shan duka sau biyu a shekara, kuma da shi magina suke fara gyara.

Lokacin ya zo daidai da kaka. An girbe gero da dawa da wake an kawo gida, gonaki sun zama fili, ciyawa ta bushe ko an sa mata wuta. Ɓeran da ya yi damina a gona sai ya biyo abincin zuwa gari. Garuruwan da suke kusa da fadamun gulaben Bunsuru da Gagare, inda ake noman rani, ba su samun hutu sosai, domin ɓera ba ya rasa abin ci a kusa da su duk shekara.

Ɓerayen da ake fama da su

Wanda ya fi yawa a gidajen karkara na wannan sashe na Afirka ta Yamma shi ne ɓeran da masana suke kira Mastomys natalensis. Ana gane macen da yawan nonuwa, daga jeri 8 zuwa 12, tana ɗaukar ciki na kwana 23 ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. Yana rayuwa a gona da cikin gida duka, yana haƙa rami, kuma shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa.

Na biyu shi ne baƙin ɓera, Rattus rattus, mai doguwar jela, gwanin hawa. Asalinsa daga Asiya yake, fatauci ne ya yaɗa shi a duniya cikin jiragen ruwa da taragu da manyan motoci. Ya fi son sito da kasuwa da cikin silin. Garuruwan ciniki irin su Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya ƙare tun shekarar 1929, da Shinkafi mai babbar kasuwar Alhamis, su ne irin wuraren da yake samun yadda yake so. Idan da dare ana jin gudu a saman silin, galibi shi ne.

Gafiya ta fi su girma nesa ba kusa ba, ɓarnarta kuma a gindin bango take, domin ramin da take haƙawa yana iya ratsa ƙarƙashin katanga ya ɓullo cikin ɗaki. Jaɓa kuwa, duk da warin da ya sa ake ƙyamarta, ba ɓera ba ce. Ƙwari take ci, ba hatsi ba, amma kafar da ta shigo da ita za ta shigo da wanda ya fi ta ɓarna.

Abubuwa biyu game da jikin ɓera su ne tushen aikin gaba ɗaya. Na farko, inda kansa ya shiga, jikinsa zai bi. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta hudar da ba ta fi milimita 6 ba, wato kaurin fensir, babba kuma ta milimita 12 ko 13. Na biyu, haƙoransa na gaba ba su daina tsiro muddin yana raye, dole ya yi ta gurgura. Yana cin katako da roba da leda da kwali da soso, har da simintin da bai gama ƙamewa ba. Ba ya iya cin ƙarfe ko kwalba ko kankaren da ya bushe da kyau. Sai dai kuma yana buƙatar baki ko gefen da zai kafa haƙori. Bango mai santsi yana ba shi wuya, amma da zarar an sami 'yar tsaga, cikin dare ɗaya ko biyu zai mayar da ita ƙofa. Karin maganar da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta fi dacewa da ɓera, domin shi ƙadangare ba ya faɗaɗa tsagar.

Inda kafa take buɗewa

Kafa ba ta cika buɗewa a tsakiyar bango ba. Tana buɗewa ne a mahaɗa, inda abu biyu mabambanta suka gamu, ko inda wani abu yake motsi.

Gindin bango da daɓe. A ginin tubali, ruwan da yake zubowa daga indararo ko bakin kwano yana fantsama ya ci gindin bango, danshi kuma ya taso daga ƙasa. Gara ta fara, ɓera ya ƙarasa. A da, mata ne suke yin daɓe, su zuba burji su yi ta bugawa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi tauri ya yi sheƙi. Daɓen da aka yi da kyau yana hana ɓera ɓullowa ta ƙasa, amma yana bukatar a sabunta shi. Siminti ya maye gurbinsa a gidaje da yawa, sai dai simintin da aka shafa siriri a kan ƙasar da ba a danne ba yana rabuwa da bango ya bar tsaga a kusurwa, daidai bayan gado ko bayan jeren kwanoni, inda ba wanda yake dubawa. A sabon gini, masana ajiyar hatsi suna ba da shawarar harsashi mai zurfin santimita 60, domin mafi yawan ramukan ɓera ba su wuce nan.

Ƙofa. Wannan ita ce kafar da ta fi kowace wahala, saboda dole ta buɗe ta rufe kullum. Ƙasan ƙyaure yana ruɓewa da damina, dokin ƙofa yana cinyewa da takawa, hinjis ya saki ƙyauren ya karkace. Ƙofar ƙarfe ta masu walda ta magance ruɓewa, amma sau da yawa akan bar tazarar yatsa biyu ko uku a ƙasa don kada ta riƙa gogar siminti, kuma wannan tazara ta ishi babban ɓera ya shiga a miƙe. Gyaran shi ne a ɗaga dokin ƙofa da siminti har tazarar ta koma ƙasa da kaurin fensir, a kuma yi masa ɗan tudu ta ciki wanda ƙyaure zai jingina da shi in an rufe. Ƙyauren katako ana naɗe ƙasansa da langa-langa kamar tsawon santimita 30, a lanƙwasa shi ta gefe da gefe a kafa ƙusa, a yi wa katakon jikin bango haka. Mutane da yawa suna kafa yankan tsohuwar taya ko tib a ƙasan ƙofa. Yana tare iska da ƙura sosai, yana da arha, amma roba ce, ɓera yana cinta. Wurinta bayan langa-langa, ba a madadinsa ba.

Asabari da labule da tufaniya suna rage bugun iska a bakin ƙofa, musamman da rana in ƙyaure yana buɗe. Ba su hana ɓera komai.

Kan bango da rufi. Rufin soro, wanda ake jera azara a zuba ƙasa a kai, a haɗe yake da bango, saboda haka ba shi da kafa a sama sai in ya tsage ko gara ta ci azara. Yana kuma riƙe ɗumin rana ya sake shi da dare, shi ya sa ɗakin soro ya fi ɗakin kwano daɗin kwana da hunturu. Magina na da suna shafe shi da makuba, masu hali kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Jinka tana da ɗumi ita ma, amma tana zaune ne a kan bango kawai, kuma ɓera yana iya yin sheƙa a cikin shucin kansa.

Kwano shi ne ya zo da sabuwar matsala. Saboda lanƙwashe-lanƙwashensa, duk inda ya kwanta a kan katako ko kan bango sai ya bar jerin ƙananan kafofi, ɗaya a ƙarƙashin kowane tudu. Ɗaki madaidaici yana iya samun irinsu da dama a kowane gefe. Ta nan ƙurar hunturu take zubowa a kan gado, ta nan sauro yake shiga da damina, ta nan baƙin ɓera yake hawa silin. Ga shi kwano ba ya riƙe zafi, da rana ya gasa ɗaki, da asuba ya yi sanyi ƙalau. Abin da aka saba yi shi ne a cike tsakanin kan bango da kwano da laka ko siminti. Laka tana faɗowa bayan 'yan watanni, domin kwano yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, yana kuma girgiza in iska ta taso. Wanda ya fi daɗewa shi ne a kafa ragar ƙarfe a jikin katakon rufi, a saukar da ita a binne bakinta cikin yaɓe, yadda ko laka ta faɗo raga tana nan.

Rariya da wayoyi. Rariyar da take fitar da ruwa daga tsakar gida ko makewayi ƙofa ce a buɗe ga gafiya da ɓera da maciji. Ba a toshe ta, ana sa mata ragar ƙarfe ko farantin ƙarfe mai ƙananan huji, a riƙa cire sharar da ta taru. Haka hudar da aka yi wa wayar lantarki ko ta sola ko bututun ruwa, kusan kullum ta fi wayar faɗi. Waya ko igiyar shanya da ta taso daga bishiya zuwa rufi, da reshen darbejiya da ya taɓa kwano, da itacen girki ko karan da aka jingina da bango, duk tsani ne.

Yadda ake gano kafa

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya shiga ɗaki da rana tsaka, ya rufe ƙofa da taga, ya jira idonsa ya saba da duhu. Duk inda haske ya ɓullo kafa ce. Da dare kuma a kunna tocila a ciki, wani ya zagaya ta waje. Kafar iskar da ba a gani ana gano ta da hayaƙin turaren tsinke, a bi da shi ta gefen ƙyaure da taga a ga inda ya karkata.

Ɓera yana bin jikin bango, ba ya son ratsa fili, kuma hanya ɗaya yake bi kullum har jikinsa ya bar baƙin maiƙo a wurin. In an barbaɗa toka ko gari a gindin bango da yamma, da safe sawunsa zai nuna inda ya fito da inda ya nufa. Ramin da ake shakkar ko akwai mai shi, a cusa masa takarda a bar shi kwana biyu. In an ture ta, yana ciki.

Abin da ake toshewa da shi

Tsumma da leda da kwali da soson katifa su ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare su. Suna tare iska na ɗan lokaci, amma ga ɓera kayan sheƙa ne aka kawo masa har gida. Laka zalla ma ba ta daɗewa a ramin da ya saba bi. Abin da yake aiki shi ne a fara cusa abin da haƙori ba ya iya ci, kamar tsakuwa da fasasshiyar kwalba, ko soson ƙarfe na wanke tukunya in kafar ƙarama ce, sannan a shafe da siminti ko yaɓe mai kauri, a goge fuskar ta yi santsi. Soson ƙarfe yana tsatsa in ruwa yana taɓa shi, don haka sai an rufe shi da kyau. Wanda zai yi aiki da kwalba ya kula da hannunsa, kada kuma a bar tsininta a waje inda yara suke rarrafe.

Raga iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Ragar sauro ta roba ko zare tana hana sauro da wani kaso na ƙura, ɓera kuwa yana huda ta cikin minti kaɗan. Ragar kaji mai manyan idanu ita ma ba ta hana ƙaramin ɓera. Wadda ake nema ita ce ragar ƙarfe mai kauri wadda idonta bai wuce milimita 6 ba. In da hali a haɗa biyun, ta ƙarfe a waje, ta sauro a ciki. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a shekarar 2009, ya nuna cewa sa raga a gidaje ya rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a tsakanin yara.

Ba a toshe rami alhali ɓeraye suna cikin ɗaki ko silin. Za su huda wani, ko su mutu a ciki wari ya hana zama. A fara da tarko na 'yan kwanaki, sannan a rufe.

Kafar da ba a toshewa

Da sanyi ya tsananta, al'ada ce a shiga ɗaki da kaskon garwashi, ko a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, musamman ga mai jego da tsofaffi. Gawayin da yake ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma mai barci yana iya wucewa bai farka ba. Tsohon ɗakin jinka yana numfashi ta rufinsa, shi ya sa kakanni suka yi ta kwana da wuta. Ɗakin bulo mai silin da ƙofar ƙarfe, wanda aka liƙe tagoginsa da leda, ba shi da wannan mafita. Hayaƙin janareta ma haka yake kisa, ko da a zaure ko baranda aka ajiye shi.

Akwai kuma batun cunkoso. Zamfara tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa da rani, kuma a jihar ne annobar ƙarshen shekarar 2016 zuwa 2017 ta fara, wadda aka yi zargin ta kama fiye da mutum 14,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 1,100. Kwana da yawa a ɗakin da iska ba ta zagayawa yana cikin abubuwan da suke taimaka wa cutar yaɗuwa. Saboda haka 'yar tagar sama da magina suke bari kusa da rufi ba kuskure ba ce. A sa mata raga a bar ta, in ta yiwu ta kasance a bangon yamma ko kudu, inda hunturu ba ya bugawa kai tsaye.

Hatsi a ɗakin kwana

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗakin da babu abinci a cikinsa ɓera ba ya nacewa a kansa, shi ya sa tsarin gargajiya ya raba wurin kwana da wurin ajiya. Ruhewa ana ɗora ta a kan duwatsu don ta rabu da danshin ƙasa, bakinta yana sama, a liƙe shi a kifa masa 'yar jinka. Rumbun zana ko na kara yana kan dandamalin itace. Ana ƙara masa tsaro ta hanyar ɗaga shi ya kai kamar mita ɗaya, a sa wa kowace ƙafa kifaffen mazurari na langa-langa, wanda ɓera in ya hawo zai tarar da rufi a kansa. Wannan dabara takan lalace da abu ɗaya tak, wato tsani ko galma ko dami da aka manta a jingine.

Rashin tsaron da ya addabi Zamfara tun daga wajajen shekarar 2011 ya taɓa wannan tsari. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda an sha ƙona rumbuna ko a kwashe abin da ke ciki, don haka manoma da yawa suka koma sussuke hatsi su zuba a buhu su shigar da shi ɗaki. Ba za a ga laifin mai yin haka ba, amma sakamakonsa shi ne ɓera ya dawo inda yara suke kwana. Wanda dole ta sa ya ajiye buhu a ɗaki, ya ɗora shi a kan katako ko duwatsu, ya bar tazarar da mutum zai iya zagayawa tsakaninsa da bango, ya riƙa share abin da ya zube. Duro na ƙarfe mai murfi ya fi komai, sai jarka mai kauri ga wake.

Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a shekarar 2007 don ajiyar wake, yana kashe ƙwari ne ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje. Da yake ƙamshin hatsi ba ya fita sosai, bai cika jan ɓera ba, amma huda ɗaya ta haƙori ta isa ta ɓata aikinsa duka.

Rufe abinci da dare tsohuwar koyarwa ce. Akwai hadisi a Sahihul Bukhari da ya yi umarni da rufe ƙorai da ƙofofi da kashe fitila kafin barci, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. A yau wayar lantarkin da ya gurgura a cikin silin ita ce take yin aikin lagwanin.

Tarko, kyanwa da guba

Tarko ana ɗana shi a jikin bango, bakinsa yana fuskantar bangon, da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Tarko da yawa a dare ɗaya ya fi tarko ɗaya na wata guda. Baƙin ɓera yana tsoron sabon abu, don haka akan bar tarkon da abinci ba a ɗana ba na kwana biyu ko uku har ya saki jiki. Kyanwa tana rage ƙanana, tana hana sababbi zama, amma ba ta iya ƙarar da su, kuma ba kowace ce take tunkarar gafiya ba. Mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, tana cin ɓeraye fiye da yadda ake zato.

Shinkafar ɓera tana kashe duk abin da ya ci ta, kaji da kyanwa da akuya da yaro mai rarrafe. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi tana sakin iskar fosfin, wadda take kashe mutum, kuma ba a amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango ko silin da shi. Gwargwadon yadda aka toshe ɗaki, gwargwadon yadda wannan iska take taruwa a cikinsa.

Lafiya

An fara gano zazzaɓin Lassa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Ana kamuwa da shi ta abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, sannan daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Alamu suna bayyana cikin kwana 21. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba su nuna alama mai tsanani, amma cikin waɗanda aka kwantar a asibiti da ciwo mai tsanani kimanin kashi 15 suna mutuwa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka warke suna samun matsalar ji. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi yawan masu kamuwa a rahotannin hukumar NCDC, cutar kuma ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, wato lokacin da ɓera yake cikin gida.

Kashin ɓera da sheƙarsa ba a share su a bushe, domin ƙurar tana tashi a shaƙa. A jiƙa su da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin tara na ruwa, a jira minti biyar, a kwashe da leda a hannu, a binne ko a ƙone. Mushen ɓera ma ba a ɗauka da hannu tsirara.

Maciji kuma ɓera yake bi. Gamsheƙa takan shiga gida neman ɓera da ƙwan kaji, kuma sau da yawa ta ramin ɓeran take shiga.

Matsugunin wucin gadi

Bukkar makiyaya, da rumfar zana da tampol ta waɗanda suka baro ƙauyukansu suka fake a Shinkafi ko Zurmi ko Ƙauran Namoda, ba su da bangon da za a yaɓe. A nan ba a iya hana ɓera shiga, sai dai a hana shi dalilin zama. Ana juya ƙofa ta ba hunturu baya, a ninka zana a gefen gabas da arewa, a binne bakin tampol a ƙasa a danne da duwatsu. Abinci a tukunya mai murfi ko bokitin ƙarfe, ko a rataye shi a ragaya, shimfiɗa kuma a ɗaga ta daga ƙasa in akwai abin ɗagawa. Masu zama a kangon gini ko ajin makaranta sukan liƙe tagogi da buhu da leda saboda sanyi, kuma a irin wannan wuri, da mutane da yawa da murhu a ciki, barin kafar sama ya fi ko'ina muhimmanci.

A wasu ƙasashe

Manoman Galisiya da Asturiyas a arewacin Sifen suna ɗora rumbunansu a kan ginshiƙan dutse, kowane da faffaɗan dutse a kansa kamar faifai, wanda ɓera ba ya iya zagayewa. A Ingila ma an yi amfani da duwatsu masu siffar lema don wannan aiki. Dabara ɗaya ce da mazurarin langa-langa.

A Amurka da Kanada akwai gidan tafi-da-gidanka da ake ja da mota, wanda wani sashen bangonsa yake zamewa waje in an tsaya don ɗaki ya ƙara faɗi, a mayar da shi ciki in za a tafi. Matsalarsa irin ta ƙyaure ce, mahaɗa mai motsi. Ana zagaye ta da roba iri biyu, ɗaya mai lebe da take share jikin sashen yayin da yake zamewa, ɗaya mai kumburi da take matsewa in ya tsaya. Rana da sanyi suna busar da robar ta tsage, kusurwoyin ƙasa kuma da inda sandunan turawa da wayoyi suka ratsa su ne hanyar ɓera. Masu irin waɗannan gidaje suna wanke robar su shafa mata mai hana bushewa, su cusa ragar tagulla a hudojin da ba su motsi, su kwashe duk abinci, sannan su mayar da sashen ciki kafin su ajiye gidan na tsawon lokacin sanyi.